Manaja da Gemun Dogo

Abu uku Tsoho ya bar mini da ya rasu: kujerar aski, madubi da kyanwa. Kujerar ta gaji har sai da na yi mata waigi da guntun katako, madubin ya tsage ta gefe ɗaya, kyanwar ce kawai ta iso hannuna garau. Tsoho shi ne maigidana da ya koya mini aski tun ban san yadda ake riƙe almakashi ba, Allah ya jiƙansa. Shi ya raɗa wa kyanwar suna Manaja, wai don duk shagon ita kaɗai ce ba ta aikin fari ba ta na baƙi, amma kowa ya shigo sai ya gaishe ta. Sharri ya yi mata. Kafin zuwanta ɓeraye sun sha cinye mana wayar kilifa, wato injin aski, tun da ta zo kuwa ko kashinsu ban ƙara sharewa ba.

Ya kuma bar mini doka guda, wadda ya yi ta nanatawa har na haddace. Yakan ce, "Duk wanda ya zauna a kujerar nan ya sunkuyar maka da kai, amana ya ba ka. Za ka ga sanƙon da yake rufewa da hula, za ka ga kwarkwata, za ka ga tabon da matarsa ma ba ta san da shi ba. Ka gani, ka yi aikinka, ka rufe bakinka." Ni mutum ne mai surutu, duk wanda ya san ni zai faɗa maka, amma wannan dokar ban taɓa taka ta ba.

Mu biyu ne a shagon, ni da ƙanina Auta. Shi ke da kujerar kusa da ƙofa, shi ke da samarin nan masu son a zana musu layi a kai. Ni tsofaffi ne nawa da masu gemu. Auta yana da hannu, ban raina masa ba, sai dai zuciyarsa a kusa take, kuma shi da Manaja gaisuwa ce kawai ta haɗa su.

Da hannu na fara gane ba ta da lafiya, ba da ido ba. Wata safiya na buɗe shago ta zo tana goga jikinta a ƙafata yadda ta saba, na sunkuya na shafa ƙeyarta, sai na ji wasu 'yan abubuwa a ƙarƙashin gashin, ƙanana masu tauri kamar ƙwayar gero. Na buɗa gashin na duba, ƙuraje ne da suka yi ɓawo. Na bi bayanta da yatsa, sai ga wasu a gindin wutsiya, sun ma fi na wuyan yawa. Na ce zafi ne, zai wuce. Bai wuce ba. Ba a jima ba Manaja ta daina barcin kirki. Tana kwance sai ta zabura kamar an tsikare ta, ta hau susa da ƙafar baya, ta juya ta hau lasa da cizon bayanta. Ɓawon ya ɓare, jini ya fito, ya bushe, ta sake ɓare shi. Tausayinta ya kama ni sosai.

Nan ne na yi abin da mai aski kaɗai zai yi. In mutum ya zo mini da ƙuraje a ƙeya na san aikina: a rage gashi wurin ya sha iska, a goga sifirit, a barbaɗa hoda. Na ciro tsohuwar kilifar Tsoho daga ƙasan durowa, wadda rabon da a sa ta a kan mutum tun yana raye, na naɗe Manaja a tawul, na aske mata gindin wutsiyar. Askin ta jure, don ta saba da ƙarar injin. Sifirit ɗin ne ba ta jure ba. Ta ƙwalla wata ƙara da ban taɓa jin ta yi ba, ta zabga mini farce a bayan hannu, ta shige ƙarƙashin benci. Ranar ko abinci ba ta karɓa daga hannuna ba.

Da ta fito washegari na ga abin da na aikata. Hannun mai aski bai iya barin abu a karkace ba. Ashe na zagaye wurin tas, na daidaita gefensa, ya fito da'ira kamar an ɗora kofi an zana. Tsakiyarsa ja, ga ɓawo, ga farar hoda a kai. Duk wanda ya taɓa ganin makero a kan yaro, abin da zai fara faɗo masa ke nan. A shagon aski kuwa babu kalmar da ake tsoro kamar makero. A ce ba ka iya aski ba, za ka ci gaba da cin abinci. A ce an kwashi makero a wurinka, sai ka nemi wata sana'ar.

Ranar Asabar Dogo ya zo. Dogo direban babbar motar fasinja ne, a wurinmu yake aski tun zamanin Tsoho. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma gemunsa baƙi ƙirin, ko sili ɗaya fari babu. Shago ya cika, benci ba masaka tsinke. Da layi ya zo kansa ya zauna a kujerata ya ɗaga haɓa, sai na ga ƙarƙashin gemun ya yi ja ya kumbura har gefen wuya, fatar tana ɓarewa.

"Dogo, me ya same ka haka?" na tambaye shi.

"Tambayar da na zo yi maka ke nan," ya ce. "Ba ni da wani mai aski sai kai. Ƙaiƙayi ya hana ni barci, ya hana ni tuƙi."

Daidai lokacin Manaja ta ga damar hawa teburin madubi. Ta juya mana baya, ta fara susa. Dogo ya ƙura wa da'irar ido, sai ya miƙe tsaye da ƙyallen aski a wuyansa.

"Jama'a, ku duba min bayan magen nan! Makero ne! Wallahi makero ne!"

"Ba makero ba ne," na ce. "Ni na aske wurin da hannuna."

Da na sani da na yi shiru. Mai Waya, maƙwabcin shagonmu mai gyaran wayar hannu, yana kan benci. Ya ce, "Ka aske ta? Da wace kilifar?"

Na yi rantsuwa, na ciro tsohuwar kilifar na nuna, na ce ga gashinta nan ma a jiki. Wa zai saurare ni? Wani ya tuna an aike shi, wani ya ce zai je ya dawo, wani ko sallama bai yi ba. Saurayin da Auta ke tsakiyar yi wa aski ya ce a bar shi haka, ya fita da rabin kai. Dogo ma ya fita, jim kaɗan ya dawo da buhu ya jefa shi bayan ƙofa.

"Ga shi nan. Ranar da ka shirya ka sa ta ciki ka ɗaure baki, ni zan tafi da ita a mota in sauke ta inda ba za ta gane hanya ba. Ban ce a kashe ta ba. Amma ni da kujerar nan sai ranar da ta bar shagon."

Da ya tafi Auta ya kashe kilifarsa ya rataye. "Yaya, ni dai ka ji. Ina da iyali. Ko ita ko ni."

Na yi masa faɗa, na ce shi ma yana shagon nan ne albarkacin Tsoho, amma a raina na san gaskiyarsa. Gida kuma ba zai yiwu in kai ta ba, 'yarmu ta tsakiya tana da asma, gashin kyanwa ke tayar mata da shi. Ba ta da wurin zuwa sai shagon ko buhun.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san wani abu da ba zan iya faɗa ba. Gemun Dogo rini ne. Shekara da shekaru ina ganin farin da ke tasowa a gindin gashin, ina wanke baƙin da yake bar mini a tawul. Bai taɓa faɗa ba, ban taɓa tambaya ba. Ana cewa kamfanin da yake wa tuƙi da sun ga direba ya fara furfura sai su fara nemo masa dalili, shi kuma yana da 'ya'ya a makaranta. Kwanan nan na lura ya sauya rini, sabon ya fi baƙi, yana da wari mai hawa kai, kuma jan da ke wuyansa ya tsaya ne daidai inda rinin ya tsaya. Kalma ɗaya zan faɗa a gaban bencin nan in wanke Manaja. Bakina har ƙaiƙayi yake yi. Amma mutumin nan ya ɗaga mini haɓa ne a kujerar Tsoho. Kuma ko ni ba ni da tabbas. In kyanwar ce fa? In da gaske ni na shafa wa bawan Allah ciwo, shi da duk wanda ya zauna a kujerata? Wannan tunanin ya hana ni cin abincin kirki.

Matata ce ta gaji da ganina ina juya cokali a kwano. Na ba ta labarin kyanwar, na ɓoye na gemun. Da na zo kan da'irar da na aske sai da ta yi dariya har da hawaye.

"Baban yara, kai fa in kilifarka ta fara ƙara ba ka kwana sai ka kai ta wurin mai gyara. Mage mai rai ce za ka zauna kana yi wa hoda? Akwai asibitin dabbobi a bayan kasuwa. Ka kai ta su faɗa maka gaskiya, ko mai daɗi ko mara daɗi."

"In suka ce makero ne fa?"

"Sai a yi magani, kai ma ka daina rantsuwa a kan abin da ba ka sani ba."

Washegari na roƙi Auta ya ba ni lokaci har mu ji ta bakin likita. Ya sha kunu, amma ya yarda. Na huda kwali na sa Manaja ciki, ta yi ta kuka a hanya har masu wucewa na waiwaye.

Likitar mace ce, 'yar gajeriya mai tabarau, da ƙyar in ta kai sa'ar Auta. Ta fito da Manaja a hankali ta ɗora ta kan tebur, ta juya ta, ta dubi da'irar, ta dube ni.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Likita."

"Mece ce sana'arka, Malam?"

"Aski."

"Na ga alama," ta ce. "Askin ya yi kyau. Sauran ne bai yi ba. Me ka shafa mata?"

Na faɗa mata. Ta girgiza kai. Ta ce sifirit a kan ɗanyen ciwo ƙuna yake ƙarawa, hodar kuma Manaja lashe ta take yi tana haɗiyewa. Na yi tsuru-tsuru kamar ɗan koyo da ya yanki kunnen mutum. Ta kashe wutar ɗakin ta haska wurin da wata fitila mai shuɗin haske, ta daɗe tana dubawa. Ta tsige 'yan gashi ta leƙa su a madubin likita. Ni dai ina tsaye ina jira.

"Ban ga alamar makero ba," ta ce. "Zan ajiye gashin in ƙara gwadawa don mu tabbata, amma zo ka ga abin da nake zargi."

Ta jiƙa farar takarda ta shimfiɗa, ta tsayar da Manaja a kai, ta ɗauko mataji mai ƙananan haƙora ta shiga taje mata baya. Wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo suka zubo, kai ka ce ƙasa ce. Ta ce in jira. Ina kallo suka fara narkewa a kan takardar, kowanne ya yi ja.

"Kashin ƙuma ne. Jan nan jininta ne da suka sha."

"Likita, ni da nake duba kan mutane kullum? Ko ƙuma ɗaya ban gani a jikinta ba."

"Ba za ka gani ba, tana lashe su ne. Wata magen ƙuma za su yi ta cizonta ko a jikinta. Wata kuwa jikinta ba ya shiri da yawunsu, cizo ɗaya ya isa ya tayar mata da duk wannan. Taka irin ta biyun ce."

Na yi tambayar da ta kawo ni. "Mutum yana ɗauka?"

"Ƙuma dai na iya cizon mutum a ƙafa. Amma ƙurajen nan nata ne ita kaɗai. Ba a ɗauka."

Ban san lokacin da na nemi kujera na zauna ba. Na yi wata doguwar ajiyar zuciya har likitar ta tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau, yanzu ma na samu lafiyar. Daɗi ne ya kama ni. Ban cuci kowa ba, kuma Manaja za ta warke.

Ta yi mata allurar da za ta kwantar da ƙaiƙayin, ta ɗiga mata magani a ƙeya inda harshenta ba ya kaiwa, ta ce duk wata sai an sake. Ta gargaɗe ni kada in kuskura in sa mata maganin kare ko in fesa mata na sauro, kashe ta zai yi. A wanke duk abin da take kwanciya a kai da ruwan zafi, a share ƙarƙashin benci da lungu-lungu. A rage mata farce. In wurin ya yi datti a goge da tsumma da ruwan ɗumi kawai. A kuma rufe bayan da wata 'yar riga don kada ta ci gaba da cizo.

"Sannan Malam," ta ce ina ƙoƙarin rufe kwali, "na san hannunka. Kada ka ɓare ɓawon nan. Ka bar shi ya faɗi da kansa."

Wannan ce ta fi ba ni wuya. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana gyara kan mutane, a ce ya ga ɓawo a tsaye ya ƙyale shi. Sau da yawa yatsana ya kai sai in tuna tabarau ɗin nan in janye. Matata ta yanka wani tsohon ƙyallen aski ta ɗinka wa Manaja riga mai ramin ƙafafu. Da muka sa mata sai ta sandare, ta faɗi gefe ɗaya ta ƙi motsi, wai ita an ci mata mutunci. Ko Auta sai da ya juya baya yana dariya. Shi ya taya ni fitar da benci, muka share gashin da ya taru a bayansa tun ban san yaushe ba, muka tafasa ruwa muka zuba duk wani tsumma da ke ɗakin ajiya. Buhun Dogo ma ya shiga ciki, don Auta ya ce ba a san inda ya kwana ba.

Da likitar ta bugo waya ta ce gwajin gashin ya fito ba makero, na kira Mai Waya, don shi ne rediyon layinmu. Na jiƙa farin tawul, na ɗauki matajin da na ware wa Manaja, na taje masa ragowar ɗigon da suka maƙale a wutsiya. Ya sunkuya yana kallo suna yin ja, bakinsa a buɗe.

"Ikon Allah! To shi Dogo me ya same shi?"

Ga dama ta sake zuwa har ƙofa. Na ninke tawul na ce, "Ni aski na iya."

Mai Waya ya yaɗa labarin yadda ya kamata, wasu suka dawo, wasu suka ci gaba da wucewa suna gaishe ni daga nesa. Ban ga laifinsu ba. Dogo yana nan yana yawo da kumburarren wuya, duk wanda ya tambaye shi a tasha sai ya ce magen mai aski ce. Auta ya dube ni wata rana ta madubi ya ce, "Yaya, ka san wani abu." Na ce masa na san ya bar gashi a ƙeyar mutum, ya gyara.

Na yi ta juya dokar Tsoho a raina har na gane abu ɗaya. Ya hana ni faɗa wa mutane, bai hana ni faɗa wa mai kan ba. Da safe kafin in buɗe shago na nufi tasha. Na tarar da Dogo shi kaɗai a cikin motarsa yana goge gilashi, ya naɗa mayafi a wuya duk da zafin da ake yi. Na hau na zauna a kujerar bayansa.

"Ka kawo ta?" ya tambaya, bai ko waiwayo ba.

"Ban kawo ta ba, ba kuma zan kawo ta ba. An gwada, ba makero ba ne. Dogo, shekara nawa ina wanke baƙin gemunka daga tawul ɗina?"

Hannunsa ya tsaya a kan gilashin.

"Sabon rinin nan ne nake zargi," na ce. "Inda ya tsaya, nan ciwon ya tsaya. Ni ba likita ba ne, na ma ga sakamakon yin likitanci a kan mage. Ka je asibiti su duba ka, ka tafi musu da kwalbar."

Ya ajiye tsumman da yake goge gilashin da shi. Sannan ya ce, "Wa ka faɗa wa?"

"Ba kowa. Da zan faɗa, da ranar da ka watsa mini shago na faɗa."

"Sauka min daga mota."

Na sauka. Na tafi ina cewa shi ke nan, na rasa Dogo, wataƙila har da rabin bencina. Raina bai yi daɗi ba, amma nauyin da ke ƙirjina ya ragu.

Manaja kuwa ba ruwanta da rigimarmu, warkewa kawai take yi. Susar ta ragu, sannan ta tsaya. Ɓawon ya riƙa faɗuwa da kansa, ina tsintar sa a cikin rigar. Jan ya koma fari, da'irar tawa ta fara cikewa da sabon gashi mai laushi. Wata rana da hantsi na waiwaya na gan ta a bakin taga ta yi rigingine cikin rana, ƙafafu a sama, tana barci ba ko motsi. Na tsaya da almakashi a hannu ina kallonta har wanda nake yi wa aski ya tambaye ni ko an ɗauke wuta ne. Auta bai ƙara maganar tafiya ba. Na ma kama shi yana ajiye mata ragowar abincinsa, ya ce wai don kada ya lalace ne.

Wata Asabar ɗin, benci ya fara cika kamar da, sai wani dogon dattijo ya yi sallama ya shigo. Gemunsa fari fat, wuyansa sumul. Mai Waya ya matsa masa wuri da ladabi ya ce, "Sannu Baba, wa ake nema?"

"Ubanka nake nema," in ji dattijon.

Muryar ce ta tona shi. Kowa ya juyo yana kallonsa. Dogo ya tsaya a tsakiya ya shafa gemun.

"Ku kalla da kyau, ku huta. Rini ne nake yi, shi ya ƙone ni. Likita ya ce in na ƙara sai an kwantar da ni. Magen nan ba ruwanta, ni na ɗora mata."

"To wurin aiki fa?" na tambaye shi, don abin da ke raina ke nan.

"Bari kawai. Na shiga ofis da farin gemu ina jiran a ce in ajiye makulli. Shugabanmu ya dube ni ya ce, 'Madalla, yanzu kwalar rigar aikinka za ta huta.' Ashe duk tashar sun sani! Ni kaɗai nake ɓoye wa kaina."

Aka kwashe da dariya, har da shi. Auta bai yi dariya ba. Ya dube ni ta madubi ya daɗe, sannan ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa.

Dogo ya waiga bayan ƙofa. "Ina buhuna?"

Na nuna masa bakin ɗakin ajiya. Tun ranar da muka wanke buhun muka ninke shi a nan, Manaja ta mai da shi katifa. Tana kai a lokacin, ta naɗe jiki, an cire mata riga, gashin bayanta ya kusa haɗewa. Dogo ya tsuguna da ƙyar, ya miƙa yatsa ya shafa ƙeyarta. Ta buɗe ido ɗaya ta dube shi, ta mayar ta rufe.

"Bar mata," ya ce.

Ba wanda ya yi maganar layi. Ya zauna a kujerar Tsoho ya ɗaga mini haɓa. "Daidaita min gefe kawai. Kada ka rage da yawa, yanzu na fara sabawa da shi."

Na naɗa masa tawul, na taje, na daidaita, na goge masa da ruwan ɗumi. Da na gama na warware tawul ɗin, hannuna ya nufi bokitin da nake jiƙa nasa daban saboda baƙi. Sai na tsaya na duba. Tawul ɗin fari ne tas.